Kiɗan Kuba ne yake ɗaga ƙafar Babanmu

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili, domin shafinku na nishaɗi kusan kullum rigimar 'yan fim ce, ban taɓa ganin kun kawo amfanin kiɗa ga mara lafiya ba, ni kuwa na gani da idona a gidanmu.

Babanmu shekara uku kenan yana fama da ciwon karkarwa da likitoci ke cewa Fakinsin. Wallahi rawar hannun ma da sauƙi, abin da ya fi ci mana rai shi ne ƙamewar ƙafa, zai taso zai je alwala sai ya kafe a bakin ƙofa kamar an buga masa ƙusa, buta a hannu, yana kallon ƙasa yana gumi, mu kuma mun rasa yadda za mu yi. Likitar gashin ƙashi ce ta ce mu riƙa ƙirga masa ɗaya biyu, ko mu sa masa kiɗa mai tsayayyen bugu, wai ƙwaƙwalwa tana bin bugun da ta ji daga waje idan nata ya rikice.

To shi Baba a Yamai ya yi samartakarsa, lokacin da kiɗan Kuba ya cika ƙasashen renon Faransa, har Boncana Maiga na Mali ya je Habana karatun kiɗa ya kafa ƙungiyarsa can. A adakar Baba muka tono tsohon kaset na wata ƙungiyar makaɗan Kuba, Orquesta Aragon, ƙanina ya nemo irinsa a waya. Salon kiɗan rawa ne da ake cewa ca-ca-ca, akwai sarewa da goge irin nasu da wani duma mai zane da ake kankara shi da tsinke, karas karas, bai sauri bai jinkiri. Ranar farko Baba murmushi kawai ya yi. Bayan 'yan kwanaki aka kunna yana kafe a ƙofar nan, sai na ga yatsun ƙafarsa suna motsi cikin silifas, ya ɗaga ta dama, ya ɗaga ta hagu, har bakin rijiya ba wanda ya riƙe shi. Inna ta juya baya tana share hawaye da bakin zane.

Ban ce ya warke ba fa, maganinsa yana sha a kan lokaci, kuma akwai ranakun da ko an kunna ba ya tasiri. Amma abin ba tatsuniya ba ne, a birnin New York tun 2001 ake da ajin rawa na masu wannan ciwo, kuma masu bincike a Amurka sun gwada rawar tango ta Ajantina suka ga tana taimaka wa tafiya da tsayuwa. Ni ban yi mamakin da ya shige mu ba, asalin gangunan Kuba ai daga nan Afirka ne bayi suka tafi da su, har gangar bata ta Yarabawa ana kaɗa ta can.

Roƙona Edita, ku tura wakilinku ya zauna da likitocin ƙwaƙwalwa da na gashin ƙashi su yi wa mutane bayani da Hausa, a tambaye su ko kalangu ko kukuma za su yi wannan aikin, domin ba kowane dattijo ne ya san kiɗan Kuba ba, kuma masu wannan ciwo suna nan a ɗakuna da yawa ana cewa sammu ne.

Mai karatunku, daga Maraɗi.