Tattaki Bayan Tuwon Dare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ta zame mana jiki. Da mutum ya suɗe hannu daga tuwon dare sai ya miƙe a tabarma, ko ya kishingiɗa yana latsa waya har barci ya kwashe shi. Gari na wayewa a tashi da kukan ƙwannafi da kumburin ciki, a nufi kemis.

Ni tela ne, wuni nake a kan keke, kuma da yawa cikin abokan sana'ata yanzu ciwon suga ya kama su. Abin yana damuna ƙwarai.

Idan an kwanta da cikakken ciki, ruwan tsamin da ke narka abinci yakan taso har maƙogwaro, shi ne zafin ƙirjin nan da ke hana barci. Shi ya sa likitoci ke cewa a bari awa 2 zuwa 3 su wuce kafin a kwanta. Tattaki a hankali kuwa yana taimaka wa tumbi ya tura abinci zuwa hanji, iskar ciki ma ta samu hanyar fita. Sannan tuwon shinkafa ko na masara suga yake komawa a jini, kuma idan ƙafafu na motsi, tsoka ce ke janye shi ta yi amfani da shi. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan sun gwada haka a kan masu ciwon suga, suka ga tafiyar minti 10 bayan kowane abinci ta fi ta minti 30 a lokaci guda rage hawan suga, musamman bayan abincin dare.

Iyayenmu sukan ci tuwo bayan Magariba su taka zuwa masallaci sallar Isha'i. Mu kuwa ko bakin layi za mu, sai mun tayar da babur. Ba gudu ko ƙwallo nake nufi ba, waɗannan ciwon ciki suke jawowa bayan an ƙoshi. Tafiyar hira ta isa.

Waɗanda na fi tausayawa su ne iyayenmu mata da ba sa fita da dare. Magidanta su ƙarfafa musu gwiwa su riƙa zagaya tsakar gida bayan an kwashe kwanuka. Ina kuma roƙon ka gayyato likita ya yi wa masu allurar suga bayani a shafin lafiya, domin su sai da shawararsa.

Naka,
Wani tela daga Tudun Wada, Zariya