Ku bar mana "kwalara" a kanun labarai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili in tanka wa malamin da ya rubuto muku makon jiya yana cewa ku daina rubuta "kwalara" tunda Turanci ce, ku riƙa cewa "amai da gudawa". Na yaba kishinsa, amma ban bi bayansa ba. Shekara 32 na yi ina aikin duba-gari kafin in ajiye, kuma na ga abin da kowacce daga kalmomin nan biyu take yi idan ta faɗa kunnen jama'a.

Shi Baturen ma aro ya yi. Kalmar ta Girkawa ce, likitocinsu sun rubuta ta fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma yawancin masana na danganta ta da sunan ruwan matsarmama a harshensu, don sun ɗauka shi ne ke tumbatsa ya fito ta sama da ƙasa. A lokacin, kowane irin amai da zawo mai tsanani haka suke kiransa. Sai da annoba ta taso daga Bengal ta ƙasar Indiya a 1817 ta bi jiragen ruwa da ayarin fatake, sannan Turawa suka ɗauko tsohon sunan suka laƙaba mata. Da likitan Jamus Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar a birnin Kalkata na Indiya a 1884, sunan ya tsaya a kan cuta guda.

Mu kuwa ina aji uku na firamare ta iso mana. Ta sauka Gini a 1970, ta kai Legas kafin shekara ta ƙare, a 1971 ta hauro Arewa. A rediyo muka fara jin sunan, kuma ba a yi wata biyu ba bakin Bahaushe ya lanƙwasa shi yadda ya lanƙwasa kwaleji da kwamiti da kwamishina. Wanda zai kori kwalara daga Hausa, sai ya fara da ɓamɓare kwalta daga titi. Wani abokina ɗan Maraɗi "kolera" yake cewa, don ta bakin Faransawa ta zo musu, amma ba mu taɓa buƙatar tafinta ba.

Ba kowa ne ya ara ba, na sani. Wani likita Ba'indiye da na yi aiki a ƙarƙashinsa "haiza" yake ce mata, kuma shi ya gaya mini asalinta Larabci ce. Abin dariya, Larabawan yau sun bar wa Indiyawa tsohuwar kalmarsu, su kuma a labaransu "kulira" suke faɗi. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Yarbawa. Wata nas 'yar Ogbomosho ta leƙa ɗakin da muka keɓe, ta dawo tana girgiza kai tana cewa "onigba meji", wato mai ƙwarya biyu: ɗaya a baki, ɗaya a ƙasa. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo ya san ba ƙari a ciki. Amma ku lura, suna ne na cutar ita kaɗai. Ba a kiran zawon yaro mai haƙori da shi. Can Turai kuwa har ashar ake yi da ita. Mutumin Foland in ya yi tuntuɓe "holera" zai ce, a Holan ma fatan ta kama mutum zagi ne babba, kuma kalmar fushi ta Faransanci daga wannan tushe ta fito.

To ga inda nake son malaminmu ya saurare ni. A daminar 1991, shekarar da aka ƙirga mutum fiye da 59,000 sun kamu a Nijeriya, sama da 7,000 suka rasu, an tura ni wani ƙauye. Na shiga wani gida na tarar da saurayi ɗan shekara kamar 17 kwance a tabarma, idanu sun faɗa, murya ta dishe. Na tsunkuli fatar cikinsa na saki, ta tsaya a tattare kamar tsohon tsumma. Abin da ke fita daga gare shi fari ne tas, sai ka ce ruwan wankin shinkafa. Na ce da mahaifiyarsa, "Inna, tun yaushe?" Ta ce, "Tun asuba, ɗan nan. Ai amai da gudawa ne kawai, rama ya ci jiya." Wannan "kawai" ɗin har yau tana kunnena. Ba laifinta ba ne: amai da gudawa abu ne da kowane gida ya saba da shi, jiƙo ake ba shi a jira gobe. Kwalara kuwa ba ta jiran gobe, a yini guda take tsotse ruwan jikin ƙato.

Na fita na sami mai unguwa a zaure na ce, "Ranka ya daɗe, kwalara ce." Bai tambaye ni ma'anarta ba. Kafin la'asar an rufe rijiyar bakin kasuwa, an zuba kulorin a sauran, an hana mai fura da mai ƙanƙara fita, maza sun ɗauki yaron a amalanke zuwa inda muka jera gadaje masu rami a tsakiya da bokiti a ƙasa. Ya sha ƙarin ruwa leda bakwai, ya tashi.

Da na rubuta rahoto, wani na sama da ni ya ja layi a kan kalmar da jan biro, ya ce in sa "amai da gudawa", kada a tayar wa manya da hankali. Ashe ba mu kaɗai ba ne. A 2017 gwamnatin Sudan ta kafe cewa abin da ke kashe mutane "zawo mai ruwa-ruwa" ne, ta ƙi furta sunan, Habasha ma a baya ta daɗe tana haka. Sunan na jawo tambaya a kan famfo da magudana da masai, shi ya sa ake gudunsa. A 2021 mutum sama da 111,000 suka kamu a ƙasar nan, kusan 3,600 suka mutu, akasari a Arewa, amma sau nawa kuka ji mai mulki ya kira ta da sunanta tun a makon farko?

Ban ce a jefar da "amai da gudawa" ba. Kafin gwaji ya fito, ita ce daidai, kuma da ita ake bayyana wa mutane alamu. Amma da zarar an tabbatar, ku sa "kwalara" a kan labari da manyan baƙaƙe. Sannan don Allah, duk damina ku ware ɗan gefe a shafin farko ku buga haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta bai wa mara lafiya a kan hanyar asibiti.

Na gode.

Naku,
Wani tsohon duba-gari, Kano