Wasiƙar godiya ga ma'aikatan gidan wasan kwaikwayo na garinmu a yankin Mayo

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Shekara huɗu ke nan ina aikin jinya a nan Mayo, a yammacin Ireland, kuma ban taɓa tsallaka ƙofar mashaya ba, addinina ya hana. Amma duk tsohon da nake kula da shi a asibiti, hirarsa ba ta ƙarewa sai mashayar ƙauyensu ta shigo ciki. Ban gane dalili ba sai daren da na kalli wasanku na barkwanci.

Kun gina mashayar karkara sukutum a kan dandamali: doguwar kanta, murhun da ake hurawa da busasshiyar ƙasar fadama, ga buhun fulawa da gwangwanaye a gefe, don a da ita ce kantin ƙauye, wani wurin ma mai ita ne ke shirya jana'iza. Ashe majalisa ce! Nan ake cinikin saniya, nan ake ƙulla aure, nan ake tsegumi. Da mai goge ya fara, sarewar ƙarfe ta amsa, aka kaɗa bodhrán, gangar nan ta fatar akuya da ake bugawa da guntun sanda, sai dattijuwar da ke kusa da ni ta kama buga ƙafa tana share hawayen dariya. Ita ce ta faɗa mini cewa a 1907, da aka nuna wasan wani marubuci, Synge, mai irin wannan mashaya ta Mayo a gidan wasan kwaikwayo na Abbey da ke birnin Dublin, tarzoma aka yi, wai an ci mutuncin ƙasa. Yau ga jikokinsu suna kallon kansu suna tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne karamcinku. Mai sayar da tikiti ta lura Turancin yankin nan na yi mini sauri, ta ba ni kujera a layin gaba. Lokacin hutu na nemi wurin sallah, mai tsaron ƙofa bai tsaya tambaya ba ya buɗe mini ɗakin kayan wasa. Na yi magariba tsakanin tsofaffin riguna da huluna, na fito na tarar ya ajiye mini shayi da madara.

Washegari na ba wani majinyacina labari, ya yi dariya har da tari, ya rera mini waƙa ɗaya daga ciki.

Allah ya saka muku da alheri. Wasa na gaba ku ajiye mana kujera biyar, da 'yan'uwana Hausawa zan zo.

Taku,
wata ma'aikaciyar jinya a Mayo