Babana, batiran nan su bar cikin gidanka

Assalamu alaikum Babana, da fatan kun wuni lafiya kai da iyali, ya ƙarfin jikin Maman Ilham, ya kasuwa. Na so mu yi maganar nan baki da baki amma kai kullum a tsaye kake, in na fara a waya kuma sai "to Umma, to Umma" na san ba ji kake ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta a nitse ko bayan isha'i ne.

Maganar tsofaffin batiran mota da na sola ce da kake tarawa a zaure kafin ka kai Panteka. Ni ban ce ka bar sana'arka ba, halal ɗinka kake nema kuma Allah ya sa albarka. Amma na yi aikin jinya har na yi ritaya, na san me dalma take yi, kai kuma nauyinta a sikeli kawai ka sani. Na ga yadda yaranka suke fasa batir da guduma su tuttule ruwan a kwata, su zaro farantan dalmar nan masu ruwan toka, garinsu duk ya manne a hannu da wando, sai mutum ya goge hannu a riga ya ɗauki rake ya hau sha. Kai ma haka kake dawowa gida, Ilham ta rarrafo ka ɗauke ta, ta kama wuyan rigarka tana tsotsa. Wallahi abin nan ya tsaya min a rai.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa a ciki don kar ka ce tsoron tsofaffi ne. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma kullum cikin aika wa juna saƙo suke, wannan ta ce tsoka ta motsa, waccan ta ce jijiyar jini ta saki, na ƙwaƙwalwa kuma su ce a riƙe wannan karatun kar a manta. Ɗaya daga cikin manyan 'yan aiken da ke kai saƙon shi ne sinadarin kalsiyam, wanda ka sani a ƙashi da madara. To ita dalma kama take yi da shi, sai ta shigo kamar ɗan aiken bogi da ya ari rigar na gaske, a buɗe mata ƙofa, ta zauna a mazauninsa kuma ta fi shi riƙo. Akwai furotin da ake kira kalmodulin da wasu irinsa da kalsiyam ke kunnawa in lokaci ya yi, ita sai ta kunna su ba lokacinsu ba. A ƙwaƙwalwa kuma akwai wata ƙofa da likitoci ke ce wa NMDA, ta nan ake ƙulla koyo da tunawa, dalma toshe ta take yi. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ke kan ginuwa a haka, ba zazzaɓi ba kumburi, sai ya shiga firamare a ga ba ya ɗaukar karatu, ga rashin natsuwa, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Kuma abin da ya lalace a nan ba ya dawowa ko an ba da magani daga baya.

Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ba, tana ture sinadarin zink daga wurin da jiki ke haɗa jan jini sai ƙarancin jini ya biyo, a manya ga hawan jini ga ciwon ƙoda ga murɗawar ciki da cushewa, har haihuwa tana taɓawa, ka dai gane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma in babba da ƙaramin yaro suka haɗiyi ƙura iri ɗaya jikin yaron na iya zuƙar ninki 4 zuwa 5 na babban. Kana da wayo lokacin abin Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Yargalma da Bagega, yara aƙalla 400 suka rasu. Iyayen ba mugaye ba ne fa, dutsen zinare suke kawowa gida ana daka ana niƙa a tsakar gida inda yara ke wasa, ashe dutsen cike yake da dalma. Yara na ta jijjiga ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka auna jini. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 aka sake yi a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Neja, nan maƙwabtanmu, yara 28 suka rasu. Duk abu ɗaya ne, aikin waje aka shigo da shi cikin gida.

Wanda ya fi damuna shi ne cikin da ke jikin matarka. Dalma ba ta daɗewa sosai a jini, ƙashi take komawa, a babba fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙashi da haƙori take kuma tana iya shekaru gommai a can. Mace in ta samu ciki jikinta kan ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina na jariri, sai dalmar ta biyo ta ratsa mabiyiya. Ita ce kuma ke wanke kayan aikinka da hannu, a bahon da ake wa Ilham wanka.

Saboda haka ka kama shago ko rumfa ka kwashe batiran daga zaure, yau ba gobe ba. Kayan aiki da takalmi su kwana a can, ka yi wanka da sabulu kafin ka taho, kar a ci abinci ko goro a wurin fasawa. Zauren kar a share shi da tsintsiya balle yanzu da hunturu ya kawo kai, tsumma mai ruwa za a bi shi da shi a yar da tsumman, kuma kai za ka yi ba ita ba. In za ku narkar da dalmar, takunkumin asibiti ɗin nan ba ya tare hayaƙin, mai matatar iska za ka nema. Madarar gwangwani da yaranka ke sha wai tana wanke guba, ba ta wanke komai, su dai ci su ƙoshi kafin aiki don cikin da ba komai ya fi zuƙa. Ilham a dinga ba ta wake da zogale da hanta da nono, yaron da jininsa ya yi ƙasa ya fi ɗaukar dalma. Kwallin dutse ma a daina sa mata, yawancinsa dalma ce, na san kakarta ta wajen uwa za ta yi ƙorafi, ka bar ni da ita.

Ranar awon Maman Ilham ku tafi ku uku, ka faɗa wa likita sana'arka ƙarara ka ce a auna muku dalma a jini, in ba sa yi su tura ku inda ake yi. Kuɗin gwajin in ya yi maka nauyi ka faɗa min, fansho ya shigo. Ka turo min hoton takardar a WhatsApp in gani da idona.

Ka gaida mutan gidan.
Ummanka