Wasiƙa: Mun share gonaki ƙal, yanzu muna kukan tsadar taki

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana manoma, sannan in roƙi hukuma wani abu guda.

Duk majalisar da ka zauna yanzu hira ɗaya ce, taki yayi tsada, gona bata bada abin da take bayarwa da, wai ƙasa ta gaji. Toh amma kaɗan ne ke tambayar me ya gajiyar da ita. Ni dai a ganina ƙasar nan yunwa take ji, kuma mu ne muka hana ta abinci. Ana gama girbi zaka ga an kwashe kara an kwashe harawa har ganyen da ya zuba sai an share an ɗure a buhu don kiwo ko sayarwa, ɗan abin da ya rage kuma yara su cinna mai wuta wai farautar ɓera da gafiya, kafin ruwan farko kuma mu zo da gatari mu tumɓuke sabara da kalgo don kar ace gonar malalaci ce. Sai gona ta yi wata shida bakwai tsirara rana na dukanta iskar hunturu na kwashe samanta.

Abin da muke mantawa shi ne ƙasa tana da rai. Akwai tana, akwai gara, akwai buzuzu mai mirgina kashin shanu ya binne, akwai wasu ƙananan halittu da ido baya gani sai da na'ura, su ne ke ruɓar da ganye da kara su maida shi taki. Garar nan da muke tsinewa saboda rumbu da azara, a gona ma'aikaciya ce wallahi, ramukan da take haƙawa ta nan ruwan sama ke shiga ƙasa maimakon ya kwarara ya tafi. Idan babu ganye babu kara babu inuwa me zasu ci? Sai su ƙaura ko su mutu, saman ƙasa ya daskare ya zama fako, ruwa ya sauka ya wuce da ɗan takin zamanin da ka ci bashi ka zuba. Daga nan sai ƙuduji ya mamaye gero da dawa, don shi daman ƙasar da ta talauce yake so.

Dattawanmu basu shiga aji ba amma basa taɓa gawo. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka baya tare wa shuka rana, da rani kuma yayi kore dabbobi su taru ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna kashi a wurin, sannan a saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta dake kamo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin nan da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya. Duk wanda ya taɓa noma ya san geron gindin gawo daban yake. Ita ma sabara da muka raina, masu bincike a Senegal sun gano saiwarta na janyo ruwa daga can ƙasa da dare ta saki a sama inda geron dake kusa zai samu. Yanzu kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 kalanzir da gas suka fi ƙarfin talaka, gawayi ya zama kasuwa, kirya da marke sun tafi, an fara hawa kan ɗorawa da kaɗanya har da gawon. Ban ga laifin matar da ke neman abin girki ba, amma masu loda tirela fa?

Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun sha fari a 1973 da 1984 fiye da mu, gonakinsu suka koma rairayi. Wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ya zauna Maraɗi a shekarun 1980 ya lura cewa 'yan tsiron da ake sarewa duk shekara ashe kututturan manyan itatuwa ne masu rai a ƙasa, in ka bar reshe biyu uku masu ƙarfi ka datse sauran sai itace ya tashi da sauri don saiwarsa ta daɗe da kafuwa. Sassaben zamani suke ce masa. Da wannan dabarar aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, ba gandun reno ba ban ruwa, wuƙa da adda kawai. A Burkina Faso kuma marigayi Yacouba Sawadogo ramuka yake haƙa a fako ya zuba takin gida don gara ta zo ta fasa masa ƙasar, har lambar yabo ta duniya aka bashi a 2018.

Mu nan duk damina sai a taru da 'yan jarida a dasa dogonyaro a ɗauki hoto, zuwa watan uku awaki sun gama da shi. Ga hukumar Great Green Wall, mai dashen itatuwa don tare hamada, da aka kafa tun 2015 tana aiki a jihohi 11 na arewa, ban ce basa komai ba, amma ina ma a rage lissafin yawan dashe a koma lissafin nawa suka rayu.

Roƙona ga gwamnatocin Katsina da Jigawa da masu sarautar gargajiya shi ne a fito fili a tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne, zai iya sassabe reshe yayi girki ko ya sayar ba wanda zai ci shi tara, don wannan tsoron ne ke sa wasu tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Sannan a kwashi malaman gona da manoma ko mota biyu ce a kai su Maraɗi su gani da idonsu, tafiyar awa nawa ce daga Jibiya.

Nagode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
wani manomi daga Jibiya, jihar Katsina