Waƙar kyauta: aljihun wa take cikawa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan sauke waƙoƙi daga intanet, kuma maganar wani da ya bugo waya ce ta tsaya mini a rai. Ya ce shi bai saci komai ba, tunda ko ya sauke waƙa, tana nan a hannun mai ita.

Ni ma na daɗe ina kafa wannan hujja, ba zan ɓoye ba. Shafin da nake saukewa ne ya sa jikina ya yi sanyi. Ka danna maɓalli, talla ta buɗe. Ka rufe ta, ta 'yan caca ta faɗo. Sai a dannawa ta huɗu ko ta biyar waƙar za ta fara sauka. Kowace tallar nan kuɗi ne ke shiga aljihun mai shafin, alhali wanda ya tsara baitocin da wanda ya kwana a sitidiyo yana haɗa sauti ko sisi ba su gani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Ta fuskar doka kuwa, maganar ba sabuwa ba ce. Tun 1886 aka ƙulla yarjejeniyar Berne tsakanin ƙasashe, wadda a yau ta ba mai tsara waƙa haƙƙin mallaka tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta da ta fito a 1999, mawaƙan Metallica suka maka ta a kotu a 2000, ba ta wuce 2001 ba aka rufe ta. A 2009 kotun Suwidin ta yanke wa mutum huɗu na shafin sauke waƙoƙi da fina-finai kyauta na Pirate Bay ɗaurin shekara guda kowanne.

Sai dai a ganina ba tsoron alƙali ne ya janye mutane ba, sauƙi ne. Da manhajar iTunes ta fara sayar da waƙa ɗaya kan santi 99 na dalar Amurka a 2003, manhajar sauraron waƙa ta Spotify kuma ta biyo baya a 2008, da yawa suka huta da wahalar tallace-tallace. Abin da waɗannan manhajoji ke biyan ƙaramin mawaƙi bai taka kara ya karya ba, na sani, amma dai da izininsa ake saurare.

Don Allah idan za ku sake shirin, ku gayyato mai haɗa sauti, ya faɗa mana kwana nawa waƙar minti huɗu take cinye masa.

Naku,
Wani mai sauraro