Wasiƙa daga Damagaram: fedal ɗin autanmu ta yi magana

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Faransa, ya iyali? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Shirun ya yi yawa, amma yau labari ya fi ƙarfin cikina: fedal ɗin autanmu ta yi magana!

Ka tuna yadda yake bin masu jita na Agadas in sun zo wasan biki a Zango, yana leƙen ƴan akwatunan da suke takawa da ƙafa don canza sautin jita, wato fedal? To, ya zauna a shagona na Kasuwar Dole ya haɗa tasa fedal ɗin cikin gwangwanin sardin. Irin Fuzz Face ce, wadda ta fito a 1966: transista biyu, rezistans huɗu, kondansater uku, sai abin murɗawa biyu. Yawancin kayan daga matattun rediyoyin da ke ƙarƙashin teburina ya ciro su. Da ya jona ta da amfili, na'urar ƙara sauti, ya taɓa tsirkiya, jitar ta yi wani gurnani har mai shayi ya bar butarsa a kan gawayi ya leƙo.

Amma fa daga bidiyo ya kwafa. Na tambaye shi aikin kondansater ɗin da ke bakin shiga, ya tsaya yana sosa ƙeya. Wannan ne ke damuna, shi ya sa maganar littafin da ka ce za ka riƙo masa ta zo a kan gaɓa.

Don Allah ka ajiye The Art of Electronics na Horowitz da Hill. Na san halinka, tun muna makaranta littafin da ya fi nauyi kake ɗauka don malam ya gan ka. Littafi ne na ƙwarai, amma bugun 2015 ya haura shafi 1,000, kuma yaron da bai riƙe dokar Ohm, tushen lissafin lantarki, ba zai rufe shi tun a babin farko. Ka nemo masa Make: Electronics na Charles Platt, ya fito a 2009, akwai shi da Faransanci. Gwajin farko shi ne ka ɗora batir mai bolt 9 a harshenka, daga nan ka ƙona fiyus da gangan. Yaro mai ƙaiƙayin hannu irin namu, haka yake koyo. In ka samu Getting Started in Electronics na Forrest Mims, na 1983, ka haɗa da shi. Da Ingilishi yake, amma da hannu aka rubuta shi, zane ya cika ko'ina, zai koya masa karanta shema, wato zanen haɗin kayan lantarki, ko da kalmomin sun gagare shi.

Wani abu kuma, zafin garin nan. Transistocin jamaniyom ya sa, su kuwa ba su jure zafi. Da asuba fedal ɗin na waƙa, da azahar sai muryarta ta shaƙe, tana yankewa. Ya zata dalmarsa ce ta saki, ya wuni yana sake liƙi. Na miƙa masa multimita, ma'aunin lantarki, na ce ya auna safe da rana, ya ga lambobin sun canza da idonsa. A Afrilu, lokacin da muke haura digiri 40, sai ya koma transistocin silikon, irin BC108. Bidiyon da aka ɗauka a ƙasar sanyi ba zai gaya masa haka ba.

Af, Hajiya ta ce in tambaye ka ko kilishin ya isa, ko abokan aikinka sun cinye. Maƙwabcinku ya aurar da ƴarsa a Birni, an yi algaita har kusan asuba, kowa na cigiyarka. Babur ɗinka kuma yana nan cikin zaure, kaji sun mayar da shi gida.

Na kusa wuce Craig Anderton. Electronic Projects for Musicians, na 1975, shi ne ya tsaya a kan kayan mawaƙa sosai, na Platt bai zurfafa a sauti ba. Sai dai wasu kayan da ya yi aiki da su, kamar CLM6000, sun yi wuyar samu yanzu, kuma da'irori da yawa batir biyu suke so. Ka bar shi sai zuwanka na gaba, lokacin da yaron ya iya musanya wani abu da wani.

Ka sako makunnin ƙafa masu ƙwari a jakarka, su ne ba mu samu a nan. Yaushe ne jirgin naka zai sauka Yamai? Ka gaishe da uwargida da yara.

Naka har kullum,
Mai gyaran rediyo